Ranar da Manhajarmu Ta Ce Babu

Ni ce mai riƙe da ƙofa, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba. A aikinmu na Ma'aunin Kogi kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama a kwamfutarsa, amma kafin layi ɗaya ya shiga rumbun da muke tarayya a kansa, sai ya bi ta hannuna na karanta. Sunana Zulaihat, ina koyar da kwamfuta a wata kwaleji a nan Haɗeja. Ɗalibai da abokan aiki duk sun haɗu a kan cewa na cika tsanani, ni kuma ban musa ba.

Manhajar ba wata mai wuyar ganewa ba ce. Mun kafa turaku masu lambobi a bakin ruwa, mun shafa musu fenti kore a ƙasa, ruwan ɗorawa a tsakiya, ja a sama. Akwai ɗaya a Guri, akwai a wajen Kafin Hausa, akwai wasu nan kusa da gari. Kowane turke yana da mutum guda da ke duba inda ruwa ya kai da sassafe, ya turo mana lambar ta waya. Manhaja ta karɓa ta ajiye, sannan ta aika wa manoman yankin saƙon tes kafin su fita gona. Mu shida muke rubuta ta, don Allah muke yi, biyu daga ciki ma ban taɓa ganin fuskarsu ba, sai dai muryarsu a waya.

Mutum shida suna rubuta abu ɗaya, in ba a kafa doka ba, kafin damina ta zagayo kowa zai kasa karanta na ɗan'uwansa. Shi ya sa tun farko na kafa tawa, suka amince. Duk wani bayani da manhaja ke riƙe da shi, kamar tsayin ruwan Guri, ba a zura masa hannu kai tsaye. Hanyarsa biyu ce kacal. Masu sana'ar suna ce musu geta da seta, mu muka raɗa musu mai ɗauko da mai ajiye. Mai ajiye shi kaɗai ke da ikon saka sabon abu, shi ke tantance lambar da ta shigo, shi ke buga ƙararrawa in ruwa ya taɓa ja. Mai ɗauko kuwa aikinsa guda ne, ya miƙo abin da ke ciki yadda ya same shi. Ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya gyara komai a hanya, in babu ya dawo ya ce babu. Nakan ce musu mai ɗauko ba ya girki, kwano kawai yake miƙowa. Amfanin haka shi ne duk wanda ya ga suna ya fara da ɗauko, ko bai buɗe cikinsa ba ya san kiransa sau ɗari ba zai canza komai ba.

Wanda ya fi kowa raina wannan doka shi ne Abdulmannan, ɗan Kawu Ja'afaru, yayan mahaifiyata. Taubashina ne ke nan, don haka tun muna yara ba ma ragawa juna. Yana gyaran waya da kwamfuta a wani shago kusa da kasuwar kifi, kuma tunda ba ya nan zan faɗa, duk cikinmu ba wanda ya kai shi iya rubutu. Shi yana kirana Maigadi, ni ina kiransa Audu don na san yana jin haushin sunan.

A wannan daminar Kawu Ja'afaru ya zuba duk ƙarfinsa a shinkafa. Gona biyu gare shi a fadamar bayan Guri, ƙarama a kan tudu, babba a kwari, kuma abincin gidansa na shekara ke nan, gida mai bakuna da yawa. Cikin Satumba shinkafar ta sunkuyar da kai, saura ƙiris ta bushe. In ya yanke da wuri ƙwayar ba ta da nauyi, za ta kakkarye a inji. In ya yi jinkiri ruwa ya riga shi. Turken Guri yana can sama da gonakin, nesa, sai an shiga kwalekwale an ratsa ciyawar kacala, kuma abin da turken ya gani yau, gonar Kawu za ta gan shi jibi. Saboda haka kullum safiya Kawu sai ya duba saƙonmu kafin ya sha koko. Lambar Guri kuwa ta tsaya cik a cikin kore, ba gaba ba baya, mu ma muna ta murna wai bana Allah ya sauƙaƙa musu.

Wata Asabar na je shagon Audu da kwamfutata, don ya turo sabon aiki na turken Kafin Hausa yana ta damuna in shigar masa. Na zauna a kan benci, warin bandar kifi yana shigowa, shi yana can yana ƙona wayar wani da dalma. Na buɗe mai ɗauko tsayin ruwa, wanda ya kamata ya zama layi ɗaya ko biyu, sai na tarar da shi ya cika allo. Na karanta sau biyu don kar in zalunce shi. Abin da ya rubuta shi ne, in aka nemi awon yau aka tarar bai shigo ba, a ɗauko na jiya, a rubuta shi a gurbin na yau, a miƙa.

Na ce, "Audu, ina ka samo wannan salon?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Na Guri na kwafo."

"Wane na Guri? Na Guri ni na rubuta shi, layi biyu ne."

"Da ke nan. Na gyara shi lokacin da kika tafi biki Kano kika bar min ƙofa."

Fushi ya riga tsoro zuwa. Na ce masa ya ajiye dalmar nan ya juyo mu yi magana. Ya juyo yana murmushi, irin murmushin da yake min tun muna satar mangwaro.

Ya ce, "Maigadi, ke matsalarki ba ki taɓa zaman shago ba. A shago ba a cewa babu. Mutum ya zo neman abu ka ce babu, gobe ba zai dawo ba. Kin san sabis ɗin Guri, yau akwai gobe babu. Ruwa kuma nawa yake motsawa a kwana ɗaya? Na jiya ai ɗan'uwan na yau ne. Ki duba, ko gaisuwa aka yi aka ce miki ya ruwa, me kike cewa?"

"Ya yi gyara."

"To. Ko gidanki ya rushe, ya yi gyara za ki ce. Haka mutanenmu suke, ba a mayar da mai tambaya hannu rabbana. Ni na san Baba. Ranar da saƙon nan ya ce masa babu, ranar zai daina karantawa, shi da duk 'yan majalisarsa."

Ba zan ɓoye ba, maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Na san Kawu, na san sabis ɗin Guri. Amma ni ba wannan ne ya tayar min da hankali ba. Na juya masa allon na ce ya nuna min, cikin duk lambobin Guri na watan nan, wanne mai duba turke ta turo, wanne kuma mai ɗaukonsa ya cike. Ya matso ya duba, ya sosa ƙeya. Ba yadda za a yi a gane, don mai ɗaukon nasa ya rubuta su a gurbi ɗaya da na gaskiya, sun gauraye kamar an zuba gishiri a gari.

Na ce, "Ka gani? Ba ni da rigima da ƙiyasi. Kana son ƙiyasi, rubuta wani daban ka sa masa suna ƙiyasta, duk wanda ya kira shi ya san abin da ya kira, saƙon ma ya fito ya ce wannan hasashe ne. Amma ba za ka sa wa abu suna ɗauko ba alhali a ciki girki yake yi. Mu biyar muna ta gina abubuwa a kansa muna zaton kwano yake miƙo mana."

Ya ce to a tambayi sauran. Aka tambaya a zauren wayarmu, biyu suka bi shi, biyu suka bi ni, kowa da doguwar hujjarsa. Na ce to madalla, ƙofa dai a hannuna take. A gabansa na goge girkin, na mayar da na Guri layi biyunsa, na ƙi shigar da na Kafin Hausa har sai ya gyara. Ya tsaya yana kallona hannu a ƙugu.

Ya ce, "Ba komai. Gobe in ba a samu sabis ba, ke za ki amsa wayar Baba."

Na ce zan amsa, ai ba yau na fara shan faɗan Kawu ba.

Washegari kuwa saƙo ya tafi wa manoman Guri, ni ma ya shigo wayata ina cikin dama kunu: ba mu da awon ruwan Guri na yau. Ban gama karantawa ba wayar ta hau ruri. Ko gaisuwata Kawu bai tsaya amsawa da kyau ba.

Ya ce, "Zulai, mene ne wannan kuka aiko mana?"

"Kawu, awon yau ne bai shigo ba."

"To ki ba ni lamba mana. Ku da kuke da kwamfuta."

"Kawu, ba ni da ita."

"Ba ki da ita. Ni nan mutane sun taru suna tambayata, wai abin 'yarka ya zama bebe. Na gaya wa masu yankan su dakata sai Juma'a, na dogara da ku. Yanzu in yanke ne ko in jira?"

Wallahi a lokacin nan lambar jiya tana kan harshena. Da na faɗa da an wuce wurin, ya sha kokonsa cikin kwanciyar hankali. Na ce, "Kawu, ban sani ba. Ka ba ni zuwa azahar." Ya ce ilimin da bai san komai ba ina amfaninsa, ya kashe wayar. Raina ya ɓaci sosai, don Kawu ne ya kai ni makaranta da hannunsa, kuma bai taɓa kashe min waya ba.

Mai duba turken Guri wata dattijuwa ce, Inna Yakaka, mai bandar kifi. Iyayenta daga wajen Tafkin Cadi suka zo. Mun zaɓe ta ne don kullum asuba tana bakin ruwan tana sayen kifi a hannun masunta, turken yana gaban idonta. Na kira ta, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, aka katse. Nan na ajiye ludayin. Wayar da ke ƙara har a katse ta ba ta rasa sabis ba. Na kira Audu na ce ya rufe shago ya same ni a tasha.

A mota ya yi ta min tsiya, wai Maigadi ta kama ɓarawo ta saki gari ya ci wuta. Ni dai ina kallon waje. Tun daga rabin hanya ruwa ya kwanta dama da hagu, ya shanye gindin itatuwan da na san a tsandauri suke, balbelu sun yi fari fat a kan kacala. Can sai na ga shi ma ya manna fuskarsa a gilas.

Mun samu Inna Yakaka a rumfarta tana juya kifi a kan ragar ƙarfe, hayaƙi ya turnuƙe. Ta gan mu sarai, amma sai da ta gama jeren da take yi sannan ta ɗago. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta amsa a tsanake, ta tambayi Haɗeja, ta tambayi iyayenmu ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo mana ruwa. Irin wannan gaisuwar mai tsawo da sanyi na san ta, gaisuwar wanda aka yi wa laifi ce.

Na ce, "Inna, yau ba mu ga awonki ba, na kira kuma ban same ki ba. Na ce ko lafiya."

Ta ce, "Lafiya lau. Yau ne ba ku gani ba?"

"Yau ne."

Ta yi 'yar dariya ba ta jin daɗi ba. Ta ce, "'Yata, ai ni kasuwa biyu ke nan ban turo muku komai ba, ta uku tana tafe. Sai ku tambayi wadda kuka sa a madadina."

Na dubi Audu, shi ma ya dube ni. Na ce mata ba mu sa kowa ba.

Ta ajiye kifin da ke hannunta ta goge tafinta a zane. Ta ce wata safiya masassara ta kwantar da ita, ta kasa fita. Tana kwance tana ta jin kunya, wai yau ta ba da mu, manoma za su duba waya su ga wayam. Sai ga saƙo ya shigo, tsayin ruwan Guri kaza. Ta ce a ranta ko kuskure ne. Washegari ta warware, ta je bakin ruwa ta duba turken, amma da gangan ta ƙi turowa don ta gani. Saƙo ya sake shigowa da lambarsa tsaf.

Ta ce, "Nan na gane kun samu wata. Na ce ba laifi, yara ne 'yan boko, sun samu mai ido da ilimi. Abin da ya ƙona min rai shi ne ba wanda ya zo ya ce Inna mun gode, ki huta. Ni kuma da furfurata ba zan bi yara ina tambayar me ya sa aka canza ni ba."

Na ce, "Inna, amma kina ganin turken?"

"Kullum. A gabansa nake ciniki."

"Ina ruwan ya kai?"

"Kore ya nutse tuntuni. Shekaranjiya ya kama ja."

Na yi lissafi nan take. Shekaranjiya a turke, yau ke nan a gonar Kawu. Na so in yi mata faɗa, har bakina ya buɗe, don ita ma tana da nata laifin. Na daure na ce, "Haba Inna, kina ganin ja kika yi shiru?" Ta ce ta gaya wa 'yan matan da ke sayen kifinta, amma kowa sai ya nuna mata waya ya ce ga abin da inji ya ce. Ita kuma ta ɗauka mun kafa sabon turke a wani wuri da ya fi nata daidai. Wa za ta je ta ce wa ta fi inji sani?

Audu ya matsa gabanta a durƙushe. Tun da nake da shi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, duk wasan ya zube.

Ya ce, "Inna, ba a canza ki ba. Ni ne. Ni na koya wa manhajar, in ba ta ji daga gare ki ba, ta maimaita maganarki ta jiya."

Ta dube shi. Ta ce, "Wato bakina ka ara ba da sanina ba."

Ya ce, "Haka ne, Inna. Ki yafe min."

Ba lokacin jiran yafiya. Ya zaro wayarsa ya ce bari ya shiga rumbun kai tsaye ya rubuta lambar da kansa, ya fi sauri. Na riƙe masa hannu.

Na ce, "Ba za ka zura hannu ba. In ka rubuta a ciki kai tsaye lambar za ta zauna shiru, ba wanda zai ji. Mai ajiye ne ke buga ƙararrawa. Ta ƙofa za a bi." Na juya wajen Inna na ce, "Inna, ɗauko wayarki. Awonki ne, ke za ki turo."

Ta kwance wayar daga bakin zane, ƙaramar nan mai madannai, ta matse ido tana latsawa a hankali kamar mai tsince tsakuwa a wake. Ni dai na haɗiye gajen haƙurina na bar ta. Tana aikawa, ba a daɗe ba wayata ta yi ƙara, ta Audu ta yi, ta mai shayin da ke gefe ta yi, sai na ji ƙarar tana bin rumfuna har ƙarshen layi. Ruwa ya kai ja a Guri, mai amfani a kwari ya kwashe yau. Mutane suka fara tashi tsaye suna kiran 'yan'uwansu. Inna Yakaka ta mayar da wayarta bakin zane ta ƙulle, ta ce mu tafi, kifinta zai ƙone.

Kafin mu isa gonar Kawu ya riga mu, shi da duk wani mai iya riƙe lauje a gidansa. Gayya ba ta samu ba, don kowa yana can yana ceton tasa. Ruwa ya riga ya fara tsatsowa ta ƙarƙashin jingar da ke tare shi, a kwari ya kai idon sawu. Kawu ya dube ni kawai ya nuna min inda mata ke ɗaure dami. Audu ya tsaya a gabansa ya fara, "Baba, akwai maganar da zan gaya maka." Ya gaya masa a tsaye, a gajarce, bai rage komai ba. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙa masa laujen da ke hannunsa ya juya ya ɗauki wani.

Aka faɗa wa kwari tukuna, don ita ce babba kuma ita ruwa zai fara ci. Na ɗaure dami har yatsuna suka daina jin ƙaiƙayi. Ina hango Audu a gaba, mutumin da hannunsa bai san abin da ya fi dalma nauyi ba, yana yanka kamar mahaukaci, tafinsa ya yi bororo ya fashe bai tsaya ba. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Bayan la'asar jingar ta ɓalle daga gabas, muka ji ƙugin ruwan kafin mu gan shi. Kawu ya ɗaga hannu ya ce kowa ya fito, a koma tudu. Audu ya yi kamar bai ji ba, sai da ƙaninsa ya shiga ya janyo shi da riga. Abin da muka ceto a kwari bai kai sulusi ba. Ta tudu kuwa kafin magariba mun kwashe ta tas, ɗanya-ɗanya, muka tara a kan tamfol a wuri mai tsayi.

A Guri muka kwana. Da safe na fito tsakar gida na tarar da Audu zaune a kan turmi, an naɗe masa hannu da tsumma, yana latsa waya da babban yatsa ɗaya. Ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba. Na Kafin Hausa ne ya gyara, mai ɗauko ya koma layi biyu. A ƙasa ya buɗe wani daban ya sa masa suna ƙiyasta, ya bar shi fanko. Na karanta, na shigar da shi rumbu nan take. Na so in tsokane shi ko da kalma ɗaya ce, amma na ga ba ranar ba ce.

Aka ce Kawu yana gona, muka bi shi. Mun same shi tsaye a kan abin da ya rage na jingar, hannu a baya. Kwarin ya zama tafki, shimfiɗe har inda ido ya tsaya, sai kawunan shinkafa nan da can suna leƙowa suna rawa. Abincin wata da watanni ke nan a ƙarƙashin ruwan, kuma da an sani tun kasuwar da ta wuce da duk yana rumbu.

Na durƙusa na ce, "Kawu, ina kwana." Ya amsa. Na ce ya gajiyar jiya, ya ce ba gajiya. Baki kuwa ya saba da hanyarsa, kafin in kama shi na ji na ce, "Ya ruwa?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kawu bai juyo ba, idonsa yana kan kwarin. Ya ce a hankali, "Ruwa ya yi gyara."

Na ji Audu a bayana ya ja numfashi, ya juya mana baya yana goge fuska da tsumman hannunsa. Ni ma idona ya ciko, ban ɓoye ba.

Kawu ya laluba aljihu ya fito da wayarsa, ya duba, cajin ya mutu tun jiya. Ya mayar da ita, ya juyo ya dube ni sosai a karo na farko tun da na zo.

Ya ce, "Zulai, duba min taki. Yakaka ta turo na yau? In ba ta turo ba ki ce min babu."